Matar da Ba Ta Waiwaye

"Bashira! Wai ni tumatirin nan miya za a yi da shi, ko shi ma ɗaurin aurensa ake jira?"

Aziza ce ta ƙwalo wannan magana daga bakin murhu, tana fifita wuta da murfin kwano, hayaƙi ya sa idonta ya kaɗa ya yi ja. Ƙanwarta Bashira kuwa tana durƙushe a tsakar gida, ta jera tumatir da tattasai da albasa a kan faifai, ta kanga 'yar ƙaramar kyamara a fuska, ido ɗaya a rufe.

"Anti, don Allah ki ɗan yi haƙuri, hasken ne bai zauna ba!"

"Hasken bai zauna ba? To mu da muka zauna da yunwa fa? Wallahi yaron nan Fatihu ya cuce mu da ya ba ki abin nan. Jiya kaza, shekaranjiya tsintsiya, yau kuma kayan miya!"

Bashira ta danna, ta duba, ta yi wani murmushi da ita kaɗai ta san daɗinsa, sannan ta miƙa faifan.

Fatihu shi ne wanda aka sa musu rana da Bashira, kuma a Haɗejiya in ana maganar hoton biki sunansa ne ke fara zuwa baki. Har Jahun da Birniwa ake ɗaukarsa. Sai ga korona ta shigo, aka hana taro, aka rufe kasuwa, amare suka koma shiga ɗaki shiru babu kiɗa babu mai hoto. Nasu bikin ma aka ɗage shi, don mahaifinta Malam Sunusi ya kai busasshen kifi Anaca, aka rufe hanya yana can. Mahaifiyarsu ta daɗe da rasuwa, saboda haka gidan ya koma hannun Aziza, wadda aurenta ya mutu a Kano ta dawo da akwatinta da kuma mummunan zato ga duk wani ɗa namiji mai riƙe da waya.

Wani in sana'arsa ta tsaya sai ya kwanta ya yi ta tsaki. Fatihu bai iya zama ba. Ya fara da ɗaukar titunan gari da babu kowa, da shagunan da aka garƙame. Da ya gaji da ƙofofi, ya koma hannuwan tsofaffi masu saƙar tabarma. Daga nan ya samo wani dogon gilashi mai jawo abin nesa, ya ɗaure a bayan babur, ya nufi fadamar Baturiya wajen tsuntsaye. Tsohuwar kyamararsa kuwa ya ba Bashira, ya ce ta riƙa ɗaukar duk abin da ke gabanta, kada zaman kulle ya cinye ta.

Ran nan bayan ƙaramar Sallah ya zo zance da la'asar. Suka zauna a zaure nesa da juna, kowa da takunkumi a haɓa, ya miƙa mata babbar kyamarar.

"Duba wannan. Zalɓe ne. Sai da na kwanta ruf da ciki a laka kafin ya yarda."

"Oh ni! Daga amare ka koma agwagi?"

"Ke dai bari. Amarya ki ce ta yi murmushi, ta yi. Zalɓe kuwa ba ruwansa da kai, ko ka jira ko ka tafi. Shi ya koya mini haƙuri. Ga dinya nan, ga kirinjijiya. Wancan masunci ne a kan gora, kin ga yadda ruwa ya ɗauki inuwarsa?"

Tana ta wucewa tana dariya, sai wani mai kura ya yi sallama a waje ya ce a gyara babur ya tare hanya. Fatihu ya fita. Ita kuwa yatsa bai tsaya ba. Balbela a cikin shanu, balbela a bayan bijimi, sai kuma mace.

Doguwa ce siririya, da jan zane, da ƙwarya a ka, tana tafiya a bakin ruwa ta ba da baya. Bashira ta wuce. Ga ta kuma, da shuɗin zane, a gindin wata goruba da ta karkata kan ruwa. Ta sake wucewa. Ga wuyanta an jawo shi kusa, har ana ganin 'yan kunne da jelar kitso. Zane ya yi ta canjawa, alamar ba rana ɗaya aka yi aikin ba. Kuma a duk cikinsu babu inda ta juyo, ƙeya ce kawai da kafaɗa. Bashira ta san hannun Fatihu. Ta san hoton da yake ɗauka don a biya shi, ta san wanda yake ɗauka da zuciyarsa. Waɗannan da zuciya aka ɗauke su.

Wani abu ya taso mata. Kishi ne, ba shi da wani suna.

Da ya dawo ta juya masa fuskar kyamarar. "Wannan wace irin tsuntsuwa ce?"

Ya duba, fara'arsa ta ɗauke. Ya sa hannu ya karɓe kyamarar a hankali, ya kashe.

"Bashira, wannan ba yanzu ba."

"Ba yanzu ba? Wace ce?"

"Ba abin da kike zato ba ne, wallahi. Ki ba ni lokaci, akwai wadda ya kamata in fara yi wa maganar kafin ke."

"Akwai wadda ta riga ni ke nan!"

"Ba haka nake nufi ba—"

"Sai anjima, Malam mai hoto. A gai da tsuntsaye!"

Ta shige gida tana tuntuɓe da zanenta. Kafin ta kai ɗaki kuka ya ƙwace mata, Aziza ta jefar da ludayi ta biyo ta.

Da a ce Aziza mai kashe wuta ce, da maganar ta tsaya a nan. Amma Aziza da fetur take yawo. Ta saurara har ƙarshe tana gyaɗa kai kamar wadda aka kawo wa labarin da ta daɗe tana jira.

"Na faɗa miki ko ban faɗa miki ba? Tsuntsu! Wane namiji ne zai bar gari cikin zafin nan ya je ya kwanta a laka saboda agwagwa? Ni nawa cewa ya yi mitin yake zuwa. Mitin ɗin yanzu 'ya'yanta biyu. Kawo wayarki."

"Anti, me za ki yi?"

"Bulokin ɗinsa zan yi, kada kiransa ya ƙara shigowa. In kika saurare shi, da zaƙin baki zai mayar da ke mai laifi. Gobe da kaina zan je wajen Hajiya Umma."

Hajiya Umma ita ce uwar Fatihu a sanin Bashira da duk sa'o'inta. Dattijuwa ce mai tsafta da iko, ba ta da kowa sai shi, kuma duk unguwa an san ba a taɓa mata shi. Ko ciwon kai ya yi, sai ta hana maƙwabta daka.

Da hantsi Aziza ta yi sallama. Aka gaisa, aka jajanta annoba, sannan ta zazzage abin da ya kawo ta, da ƙari. Hajiya Umma ta sa aka kira Fatihu, ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Kawo abin hoton nan in gani."

Ya yi jim. "Umma..."

"Kawo na ce!"

Ya buɗe ya miƙa mata, kansa a ƙasa. Hajiya Umma ta gyara tabarau ta duba na farko. Ta daɗe a kansa. Ta duba na biyu, ta duba na uku, ta ajiye kyamarar a kan tabarma. Aziza ta ɗauka ɓacin ran uwa ne da ɗanta ya kunyata ta.

"To gaya mana mana," in ji Aziza. "Ga mahaifiyarka nan zaune. In ba ka jin kunyarmu, ai ka ji tata. Wace ce?"

Fatihu ya ɗago ya dubi Hajiya Umma. Ita kuwa ta kawar da kai tana kallon bango, bakinta a rufe gam. Ya jira ta ce wani abu, ba ta ce ba. Sai ya mayar da kansa ƙasa.

"Anti Aziza, ku yi haƙuri. Ba ni da abin faɗa a nan."

Aziza ta tafa hannu. "Shi ke nan, ka faɗa!"

Tun a hanya ta kira Malam Sunusi. Dattijon yana can ransa a ƙuntace da zaman baƙunta, ya ji an ce wata mace, an ce an tambayi yaro a gaban manya ya ƙi magana. Ya ce, "Ni ba zan ba da 'yata ga mai rufa-rufa ba. Ana cewa an kusa buɗe hanya. Ranar da na sauka, a ranar zan mayar musu da kayan sa ranarsu."

Bashira ta ji wannan hukunci ta shiga ɗaki ta kwanta. Ita ce ta kawo ƙara, ita ce kuma hukuncin ya fi yi wa ciwo. Abinci ya daina shiga. Ta rame, ta yi zuru-zuru. Abin da ya fi cin ta shi ne rashin fuskar. Da ta ga fuska, da ta samu abin kushewa, ta ce hancin ya yi faɗi ko haƙoran sun fito. Amma ƙeya ba ta da aibi. Sai ta riƙa ƙera wa matar fuska da kanta, kullum tana ƙara mata kyau, har ta ƙera wadda babu irinta a Jigawa, sannan ta zauna tana kuka saboda ita.

Fatihu ya zo ƙofar gida ya yi sallama har ya gaji, Aziza ta aika masa cewa Bashira ba ta nan. Ita kuwa tana bayan ƙyaure tana jin tashin babur ɗinsa, tana cizon gefen mayafi.

Wata safiya ta fito da kyamara a rataye, ido a kumbure.

"Anti, Baturiya za ni."

"Ki yi me?"

"In ga fuskarta. Shi ya yi ta fama bai samu ba, ni zan ɗauko masa, in tura masa in ce ga tukuicin rabuwa."

Aziza ta dube ta, ta ɗauko gyale. "Mu je. Ni ma ina da abin da zan gaya mata."

Suka sami motar wani mai sarin kifi da ya san mahaifinsu, suka ce kifi za su saya. Hadari ya fara haɗuwa a gabas kwanakin nan, fadama ta yi kore a bakin ruwa, masu shinkafar rani suna ta sauri su kwashe kafin ruwa ya sauko. A mashigin masunta aka sauke su. Bashira ba ta sha wahalar nema ba, gorubar nan da ta karkata kan ruwa ta zauna mata a ka tun ranar. Can bayanta ga bukkokin makiyaya, ga shanu, ga balbela.

Ga kuma jan zane. Tana tsugune ta ba su baya, tana dama wa wani masunci fura, don tun da aka rufe kasuwa nan take kawo nononta.

Bashira ta matsa kusa. Ta tuna abin da Fatihu ya koya mata, ta zagaya ta bar rana a bayanta, ta daidaita kyamara, ta riƙe numfashi. Sannan ta ɗaga murya.

"Baiwar Allah!"

Matar ta waiwayo gaba ɗaya. Ta ga baƙuwa 'yar birni da abu a fuska, abin ya ba ta dariya, ta yi murmushi har haƙora suka bayyana. Bashira ta danna.

Ta sauke kyamarar ta duba. Matar ba yarinya ba ce. Jikin ne irin na masu tafiyar ƙasa, bai ajiye shekaru ba, amma ga furfura a gefen kitso, ga layukan rana a gefen ido. Kyakkyawa ce, wannan babu musu. Sai dai wushiryar nan, da yadda gira ɗaya ke ɗagawa in an yi dariya, Bashira ta san su a wata fuskar.

Aziza ba ta tsaya duba komai ba. Ta ƙarasa ta riƙe ƙugu.

"Ke ce mai nonon da ake zuwa ɗauka hoto?"

"Sannunku da zuwa," matar ta ce, da Hausarta mai karyewa irin ta rugga. "Ku zauna mana. Ma'u sunana. Daga Haɗejiya kuke?"

"Daga can muke. Kin san wani mai hoto da ke zuwa nan a babur?"

Nan take murmushin ya ɓace. Ma'u ta sunkuyar da kai, ta shiga juya ludayi a cikin ƙwaryar da babu abin juyawa. Can ta ce a hankali, "Kwana biyu ba a ga babur ɗin ba. Lafiya dai ko?"

"Kin ji ko!" Aziza ta juya ga ƙanwarta. "Har cigiyarsa take! To bari ki ji, baiwar Allah, ko kunya ba ki ji ba? Da girmanki? Mene ne tsakaninki da Fatihu?"

Da jin sunan, Ma'u ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, kamar an watsa mata ruwan zafi. Masuncin da ke shan fura ya ajiye ludayi ya tashi ya ba su wuri.

"Anti, ki yi shiru," in ji Bashira. "Don Allah ki yi shiru."

Ma'u ta ture ƙwaryar gefe. Da ta buɗe baki, ƙasa take kallo.

"Hajiya Umma tana lafiya? Ita ce uwarsa, ba shi da wata. Yayar babansa ce, Allah bai ba ta haihuwa ba. Ni dai... a hannuna ta karɓe shi ranar yaye."

Aziza ta saki ƙugu.

"Ɗan fari ne," Ma'u ta ci gaba. "Mu a wajenmu ba a riƙe na fari, ba a kiran sunansa, ba a kallonsa. Ina yarinya ƙarama aka yi. Babansa ya rasu, dangina suka mayar da ni daji. Bana da muka sauko fadama, sai na ga mutum kwance a laka yana auna balbela. Tafiyarsa kawai na gani daga nesa, ta babansa ce. Shi ma ya gane. Yakan yi sallama daga can, in amsa ina kallon ruwa. In ya ɗaga abin nan sai in juya. Yaya zan yi? Haka na tarar ana yi." Ta nuna gindin gorubar da haɓa. "Nakan dai ajiye fura a can, ko wani mai wucewa zai sha. Kullum nakan tarar da ƙwaryar a wanke."

Bashira ta durƙushe a wurin, hawaye na zuba ba ta ko sharewa.

Ma'u ta saci kallon kyamarar da ke wuyan Bashira. Ta duba hagu, ta duba dama, ta rage murya.

"'Yar nan, abin naki yana riƙe mutanen da aka ɗauka tun da?"

"Yana riƙewa."

"Ko akwai... na wancan ɗin?"

Akwai. Ranar da ya ba ta kyamarar, shi ta fara gwadawa a kansa a zaure, yana dariya yana cewa ta gyara hannu. Bashira ta nemo ta miƙa mata. Ma'u ta goge tafinta a zane, ta karɓa da hannu biyu, ta kare hasken rana da mayafi. Ta duba, ta yi ta dubawa. Shanu suka yi nisa ba ta sani ba. Ta sa ɗan yatsa ta shafa gilashin.

"Ashe ya yi gemu," ta ce.

Aziza ce ta fara fashewa da kuka, da ƙarfi, irin na wanda ya daɗe bai yi ba. "Ki yafe mini, Inna! Wallahi bakina ne, ki yafe mini! Wannan ita ce yarinyar da zai aura, ni na zuga ta, ni na kai ƙara aka ce a fasa!"

"Wadda zai aura?"

Ma'u ta miƙa kyamarar da sauri, ta ja mayafi har goshi, ta juya musu baya. Suruka ce ashe a gabanta, ita ma ba a haɗa ido da ita. Daga nan har suka tafi ƙeyarta kawai suka ƙara gani. Amma ta cika musu ƙwarya da man shanu, ta turo ta baya, ta ce da ruwan kogi, "Kada a fasa. A gaya wa Hajiya na ce kada a fasa."

Ba su biya gida ba. Da laka a ƙafa suka yi sallama gidan Hajiya Umma, Bashira na ɓuya a bayan yayarta don kunya. Fatihu na zaune a tsakar gida yana goge gilashin da ya daina amfani da shi, ya rame shi ma. Aziza ta durƙusa ta faɗi komai, ba ta rage wa kanta laifi ba, ta ajiye ƙwaryar man a gaban dattijuwar.

Hajiya Umma ta dubi ƙwaryar, ta gane sassaƙar da ke jikinta. Sai hawaye.

"Ba laifinki ba ne ke kaɗai, Aziza. Tun hoton farko na gane ta. Wa zai manta tafiyar Ma'u? Kalma ɗaya zan faɗa ranar nan a wuce wurin, na ƙi. Na ga yadda ya ɗauke ta, sai na ji kamar ƙwace mini shi za a yi. Ni na yi goyo, ni na yi jinya, ni na kai makaranta, amma ban taɓa ganin ya kwanta a laka saboda ni ba! Kishi ya rufe mini baki, ina kallo auren ɗana zai lalace." Ta juya gare shi. "Kai kuma don me ba ka faɗa ba?"

"Umma, a gabanki zan nuna wata in ce ita ce uwata? Ban taɓa ba, ba kuma zan fara ba sai da izininki. Na so in same ki mu yi maganar, na kasa samun bakin farawa."

"Ka ji shashasha! Sai ka bar yarinya ta tafi?"

"Na bar wa Allah ne, Umma."

Bashira ta matso a kan gwiwa, ba ta iya ɗaga ido ba. Ta kunna 'yar kyamarar ta ajiye a gabansa.

"Na je ne in ɗauko abin da zan ƙona maka rai da shi. Ka yafe mini. Ga shi."

Fatihu ya ɗauka. Fuska ce cikakkiya, rana ta sauka a kanta daidai, ido biyu suna kallonsa kai tsaye, ana yi masa murmushi. Mutumin da ya ɗauki fuskokin amare ba iyaka ya zauna yana kallon hoto ɗaya kamar bai taɓa ganin hoto ba.

"Ta kalle ki?" ya ce da ƙyar.

"Ta kalle ni. Ba ta san ko ni wace ce ba a lokacin. Kai ma ta gan ka, na nuna mata. Ta ce ashe ka yi gemu."

Ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa na rawa. Hajiya Umma ta miƙa hannu ta karɓi kyamarar, ta gyara tabarau, ta daɗe tana dubawa.

"Ta tsufa ita ma," ta ce, tana share ido. "Ka wanke wannan babba, a kafa shi a ɗakina, inda za ka riƙa ganinsa in ka shigo gaishe ni. Naka kuma ka wanke ƙarami, a kai mata kafin ruwa ya tashe su. Mahaifiyarka ce. Na faɗa da bakina, kai ma daga yau ka faɗa."

Da aka buɗe hanya Malam Sunusi ya sauka, aka ba shi labari tun bai cire takalmi ba. Ya riƙe baki. "Ai na san Hajiya riƙonsa ta yi, tun wajen bincike aka gaya mini. Amma wa zai ɗaga irin wannan magana? Da kun ce mini Bafulatana ce a Baturiya, ai da ban yi saurin hukunci ba!" Ya dubi Aziza, ta sunkuyar da kai, don ita ta san abin da ta faɗa a waya da abin da ta bari.

Aka ɗaura aure cikin mutane kaɗan, kowa da takunkumi, babu kiɗa. Ango ne mai hoton gari, saboda haka aka rasa mai ɗauka, sai Aziza ta karɓi kyamara ta yanke wa rabin dangi kai a hoto. Ba wanda ya yi mata faɗa.

Masu karatu, kishi ba ya jiran a gama bayani, abin da ya hango daga baya shi yake yanke wa hukunci. Ya kusa raba Bashira da masoyinta, ya sa Aziza zagin wadda ta isa ta haife ta, ya kulle bakin dattijuwa a ranar da ake neman kalmarta. Wanda ya yi haƙuri ya riƙe girman wadda ta raine shi, shi Allah ya ba abin da ya daɗe yana nema, ta hannun da bai zata ba. In zuciya ta tafasa, a tambaya, a kuma jira amsa.

Ma'u ba ta zo biki ba, uwar ɗan fari ba ta zuwa. Ruwa ya sauko, makiyaya suka kaɗa shanunsu suka yi arewa. Amma matan rugga sun ce akwai wata ƙwarya a cikin kayanta da ba ta zuba nono a ciki, ba ta kuma bari kowa ya ɗaga faifan da ya rufe ta. In ta ga babu kowa a kusa, sai ta ɗaga da kanta, ta dubi ɗan hoton da ke ciki.